Yadda A Ke Haɗa Bindigar Gasa, Da Labarin Maharbin Da Ya Ci Zinariya Da Ta Aro

Ana saura 'yan watanni a buɗe wasannin Olamfik na 2004 a Atina, babban birnin ƙasar Girka, wani saurayi Ba'amurke mai suna Matthew Emmons ya shiga ɗakin da maharban ƙasarsu ke ajiye kayansu, ya ɗauko bindigarsa, sai ya tarar an yi mata ɓarna. Wani ne ya sa ƙarfe mai tsini, ga alama sukuddireba, ya ƙwarzane cikin hancinta da wurin da harsashi ke zama. Ga shi kuwa gasar zaɓen waɗanda za su wakilci Amurka ta ƙarato ƙwarai.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, sai ya je kanti ya sayo wata. To, a nan gizo ke saƙar. Bindigar da a ke shiga irin wannan gasa da ita ba a ɗaukarta daga kan kanta a wuce fili da ita. Haɗa ta a ke yi gaɓa-gaɓa, a auna ta da jikin mai ita kamar yadda tela ke auna riga, sa'an nan a shafe watanni ana gwaji ana gyara kafin a ce ta zauna. Wanda aka ɓata wa irin wannan bindiga daf da gasa, an ɓata masa aikin shekaru ne.

Abin da a ke nema

Kafin a gane dalilin wannan ɗawainiya, sai an san girman abin da a ke harbi. Harbin bara yana cikin wasannin Olamfik tun na farko na zamanin nan, watau na 1896. Ƙungiyar da ke tsara dokokinsa a duniya an kafa ta cikin 1907, hedkwatarta kuwa tana birnin Munich a ƙasar Jamus. A gasar mita 50, watau kimanin rabin tsawon filin ƙwallon ƙafa, allon bara yana da zobba goma, wani cikin wani. Zoben tsakiya, wanda ke ba da maki 10, faɗinsa milimita 10.4 ne kacal, bai fi ƙwayar gurjiya ba. A gasar mita 10 kuwa, wadda a ke yi da bindigar iska, wurin maki 10 ɗin rabin milimita ne, kamar ɗigon aya a ƙarshen jimla. Bugu da ƙari, doka ta hana ɗora wa bindigar madubin nan mai kawo nesa kusa. Da ƙwayar idonsa maharbi zai auna, ta cikin wata 'yar huda.

Lissafi kaɗan zai nuna yadda abin ya ke da wuya. Idan hancin bindiga yana da tsawon santimita 70, bakinsa kuma ya goce da kaurin fallen takarda guda, to, kafin harsashi ya kai mita 50 ya kauce da wajen milimita 7. Wannan kuwa ya isa ya raba mai zinariya da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Saboda haka tambayar farko da maƙerin bindigar gasa kan yi wa wanda ya zo masa da aiki ita ce, wace gasa za ka shiga? Amsar ita za ta yanke duk abin da zai biyo baya, domin kowace gasa da dokarta. Bindigar iska ta mita 10 ba za ta wuce kilo 5.5 ba, ta mita 50 kuwa iyakarta kilo 8, harsashinta kuma ƙarami ne mai kaurin milimita 5.6. Masu harbin nesa a filin Bisley na ƙasar Ingila, waɗanda kan kai har yadi 1,000, babban harsashi mai kaurin milimita 7.62 su ke amfani da shi. Wanda ya soma sayen kaya kafin ya amsa wannan tambaya, sau da yawa ya kan wayi gari da bindiga mai tsada wadda alƙalan wasa ba za su bari ta shiga fili ba. Haka nan kuma maganar izni tana gaba da kome. A galibin ƙasashen da a ke wannan wasa, maƙeri mai lasin ne ke yin aikin, mai bindigar ma sai da takardarsa. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mallaka ko ƙera bindiga ba tare da iznin hukuma ba.

Hanci shi ne ran bindiga

Bindigar toka irin ta mafarauta cikin hancinta sumul ya ke, shi ya sa dalmar da ta fito daga ciki kan tafi tana tangaɗi, in nisa ya yi yawa sai ta bi inda ta ga dama. Bindigar gasa kuwa an yanka wasu murɗaɗɗun tsagogi a cikin hancinta tun daga gindi har baki. Su ne ke kama harsashi su murɗa shi, ya fita yana juyawa kamar katantanwa. Yaro mai wasan katantanwa ya san muddin tana juyi da ƙarfi ba ta faɗuwa. Haka harsashi ya ke, juyin nan ne ke tsai da kansa a gaba har ya isa allo. Dogon harsashi mai nauyi yana bukatar murɗi mai tsanani fiye da gajere, saboda haka tun wajen zaɓen hanci an riga an zaɓi irin harsashin da bindigar za ta ci har ƙarshen ranta.

Ɗaya daga cikin mutanen da suka bi wannan al'amari da ma'auni sosai shi ne Joseph Whitworth, wani injiniya na birnin Manchester, wanda ya yi suna wajen ƙera na'urorin awo masu gane bambancin da ido ba ya gani. Cikin shekarun 1850 Gwamnatin Ingila ta nemi ya duba mata sha'anin bindigogin sojanta. Sai ya gina wani dogon zaure rufaffe mai tsawon yadi 500 don iska kada ta ɓata masa gwaji, ya yi ta harba hanci iri-iri yana rubuta abin da ya gani. Daga bisani ya fito da bindiga mai ƙaramin rami, cikinta kusurwa shida, murɗinta kuma ya fi na bindigar soja ta lokacin tsanani nesa ba kusa ba. Da aka gwada su cikin 1857 tasa ta yi wa ta sojan fintinƙau. Duk da haka Gwamnati ba ta karɓe ta don rundunarta ba, saboda tsada, da kuma yadda tokar albarushi ke saurin toshe ta. Amma masu harbin gasa suka rungume ta.

Ran 2 ga Yuli, 1860, a filin Wimbledon kusa da Landan, aka buɗe taron farko na Ƙungiyar Maharba ta Ingila. Aka ɗaure bindigar Whitworth a kan wani maɗauri na ƙarfe, aka saita ta da allon da ke nesa da yadi 400, aka miƙa wa Sarauniya Victoria igiyar siliki wadda aka ɗaura wa kunamar. Ta ja, harsashi ya faɗa inci ɗaya da kwata daga cibiyar allon. Sarauniya ba ta auna ba, ba ta kuma riƙe bindigar ba. Abin da aka nuna wa jama'a ran nan shi ne, idan aka kawar da rawar hannun ɗan Adam, ƙarfen da aka ƙera da kyau ba ya ƙarya. Ta kuma sa kyautar fam 250 ga gwanin taron, wadda Edward Ross ya fara ci. Cikin 1890 aka mai da taron Bisley, cikin 1930 kuma Marjorie Foster ta zama mace ta farko da ta ci wannan kyauta.

Wani abin da maƙeran baya suka gano shi ne, a lokacin da aka harba bindiga hancinta ya kan yi makyarkyata kamar bulala, ko da ya ke ido ba ya gani. Ba a iya hana wannan rawa. Abin da a ke so shi ne ta zama iri ɗaya kowane harbi, yadda harsashi zai riƙa fita a daidai lokacin da bakin ya ke wuri guda. Don haka a kan yi hancin da kauri, sa'an nan a bar shi a sake, ba ya taɓa ƙotar bindigar ko kaɗan daga inda ya fito. Maharba kan zura takarda tsakanin hanci da ƙota su ja ta, in ta wuce ba ta maƙale ba, to, aiki ya yi. Shi kuwa gidan da harsashi ke shiga, a kan zaunar da shi daram cikin ƙota yadda ba zai motsa ko da gashin kai ba. Gefen bakin hancin ma, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe, tilas ya zama daidai ta kowane ɓangare. Ƙwarzane guda a wurin ya isa ya karkatar da harbi. Wanda ya ɓata bindigar Emmons lalle ya san inda ya kamata ya taɓa.

Ƙota, kunama da harsashi

Idan hanci na maƙeri ne, ƙota ta maharbi ce. A dā da katakon goro na Turai a ke sassaƙa ta, amma katako yana shan raɓa ya kumbura, ya kuma bushe ya motse, saboda haka galibin manyan maharba sun koma ga ta alminiyam. Kusan kowace gaɓa tata ana iya matsar da ita: inda kumatu ke kwantawa, da inda ke dafa kafaɗa, da mariƙin hannu, da tazarar yatsa zuwa kunama. Mai dogon wuya da mai gajere ba za su kwantar da kai a wuri ɗaya ba. Manufar ita ce idan maharbi ya ɗauki bindiga ya rufe ido ya saki jiki, da ya buɗe ido ya tarar tana kallon allo da kanta, ba sai ya tanƙwara ta da ƙarfin damtse ba, domin naman jiki yana gajiya, in ya gaji kuwa rawa ya ke yi. Kamfanonin da suka shahara da wannan aiki sun haɗa da Anschütz da Walther da Feinwerkbau a Jamus, da Bleiker a Suwizalan. Sau da yawa maharbi kan ɗauki hanci daga wani, ƙota daga wani, abin auna bara daga wani, maƙerinsa ya haɗa masa.

Kunamar irin wannan bindiga kuwa ba ta son wasa. A kan sassauta ta har nauyin giram 100 ko ƙasa da haka ya isa ya tashe ta, don kada jan yatsa ya girgiza bindigar. Amfaninta ke nan, haɗarinta kuma ke nan, kamar yadda za a gani nan gaba.

Sai maganar harsashi, wadda baƙo ga wasan ba ya zato. Harsashin gasar mita 50 dalmarsa ba ta fi giram 2.6 ba, an kuma yi shi ya tafi ƙasa da saurin sauti kaɗan, domin wanda ya ƙetare saurin sauti ya dawo ya kan yi tangaɗi a hanya. Kamfani ɗaya, inji ɗaya, amma abin da aka ƙera yau da wanda aka ƙera gobe ba sa zama ɗaya sak, kowane hanci kuma da rukunin da ya fi so. Saboda haka manyan maharba kan ɗauki bindigoginsu su tafi wuraren gwaji na masu ƙera harsashi, irin su Eley a Ingila da Lapua ta ƙasar Finlan. A can a kan ɗaure bindigar a maɗauri cikin rufaffen zaure, a harba rukuni bayan rukuni, a duba wanda hudojinsa suka fi taruwa wuri ɗaya. Wanda ya dace, sai maharbi ya sayi dubbai daga cikinsa ya adana don manyan gasa. Idan aka sake hanci, duk wannan gwaji ya tashi a banza, sai a koma farko.

Iyakar inda gwanintar maƙera ta kai ana ganinta a wata gasa da Amurkawa ke yi, inda a ke ɗora bindiga a kan teburi bisa matashi, a sa mata madubin hangen nesa, a yi harbi biyar, a auna tazarar da ke tsakanin hudojin. Cikin 1973 wani mai suna Mac McMillan ya yi harbi biyar daga yadi 100, tazararsu inci 0.009. Shekara 40 ba a sami wanda ya karya wannan ba, sai cikin 2013 Mike Stinnett ya yi inci 0.0077, watau bai cika kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Mai kallo da ido huda ɗaya tak zai gani.

Kayan aro

A koma ga Emmons. Lokaci bai bar shi ya haɗa wata bindiga ba, sai wata abokiyar wasansa, wadda suka yi jami'a tare a Alaska, ta ara masa tata. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma wannan karon ya rufe. Ya ci gasar zaɓe, ya tafi Atina da ita. A gasar harbi daga kwance, inda a ke yin harbi 60, ya sami maki 599 cikin 600, ya riƙe gabansa a zagayen ƙarshe, ya karɓi lambar zinariya yana ɗan shekara 23.

Bayan kwana biyu aka shiga gasar da ta fi kowace wuya, ta tsayuwa uku, watau harbi daga kwance, da tsaye, da durƙushe. A wancan lokaci harbi 120 maza ke yi, sa'an nan mutum takwas na gaba su yi harbi goma na ƙarshe a tsaye. Da aka zo harbi na goma Emmons yana gaba da maki 3. A wasan da a ke rabuwa da ɗigon maki, wannan rata ce mai yawa, ko harbi na tsaka-tsaki ya ishe shi. Ya ɗaga bindiga, ya auna, ya taɓa kunama. Allonsa bai nuna kome ba. Alƙalai suka taru, aka yi ta dube-dube ana zaton na'ura ce ta lalace. Can sai aka ga huda biyu a allon maƙwabcinsa, Christian Planer na ƙasar Ostiriya. Emmons yana layi na biyu, ya harbi allon layi na uku. Aka ba shi sifiri, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na takwas, Jia Zhanbo na ƙasar Sin ya ɗauki zinariya.

Daga baya ya bayyana cewa al'adarsa ce ya fara duban lambar allonsa ta cikin abin auna bara kafin ya sauko da bindiga kan baƙin zoben, amma a wannan harbi hankalinsa ya tafi ga kwantar da zuciyarsa, bai duba ba. Bindiga ba ta yi laifin kome ba. Inda aka nuna mata nan ta kai harsashi.

Shekara huɗu bayan haka, a Beijing cikin 2008, ya ci azurfa a harbin kwance, ya kuma sake isa harbi na ƙarshe a gasar tsayuwa uku yana gaba da fiye da maki 3. Wannan karo ya duba lambar allonsa. Amma yana cikin sauko da bindigar daga sama, bai kai ga cibiya ba, yatsansa ya taɓa kunamar nan mai sauƙi, ta tashi. Maki 4.4 ya samu, ya koma na huɗu, Qiu Jian na ƙasar Sin ya ci. A Landan cikin 2012 ma harbin ƙarshe ya sake ba shi kunya, ya sauko da shi daga na biyu zuwa na uku, amma dai ya fita da lambar tagulla, ya karɓe ta da murna. Gasar harbin kwance da ya ci zinariya a cikinta kuwa an cire ta daga Olamfik bayan wasannin 2016.

Abin da maƙeri ba ya iya ƙerawa

Maharban sun san wannan rauni na ɗan Adam, shi ya sa ba bindiga kaɗai a ke shiryawa ba. Su kan sa riga da wando masu tauri na tamfol ko fata don su tallafi baya su kuma rage bugun jini da ke bi ta hannu ya shiga ƙota, har doka ta ƙayyade kaurinsu da taurinsu don kada tufa ta yi wa mutum aikinsa. Su kan koyi sakin numfashi rabi su tsaya, waɗansu har su kan jira tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya kafin su taɓa kunama. A fili irin na Bisley kuwa, inda harsashi ke tafiyar yadi 900 ko 1,000, ga iska. An kakkafa tutoci a gefen fili, maharbi na duban yadda su ke kaɗawa da yadda hucin rana ke rawa a kan ciyawa, ya ƙiyasta nawa zai karkatar da saitinsa. Babu maƙerin da zai sayar masa da wannan, sai shekaru a fili.

Shi ya sa tsofaffin masu koyar da wasan kan shawarci sabon shiga kada ya yi gaggawar zuba dukiya a bindigar da ta fi ƙarfin gwanintarsa. Ya fara da ta kulob, ya kashe kuɗinsa a harsashin koyo, ya riƙe littafi yana rubuta kowane harbi da yanayin iskar ranar. Ran da littafin ya nuna bindigar ce ke tauye shi, ran nan ne ya san irin wadda zai je a haɗa masa, da tsawonta, da nauyinta, da inda kumatunsa za su kwanta. Sarauniya Victoria ta sami cibiya da igiyar siliki domin babu zuciyar da ke bugawa a bayan bindigar. A gasa kuwa ba a ɗaure bindiga a maɗauri, a kafaɗar mutum ta ke.

Amma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. A yammacin ranar da Emmons ya harbi allon wani a Atina, yana zaune cikin baƙin ciki, sai wata maharbiya 'yar Jamhuriyar Cek mai suna Katerina Kurkova, wadda ta ci tagulla a waɗannan wasanni, ta zo tare da mahaifinta don su jajanta masa. Daga nan suka saba, cikin 2007 aka ɗaura musu aure. A Beijing ita ce ta ci lambar zinariya ta farko da aka bayar a wasannin baki ɗaya, a gasar bindigar iska ta mita 10. Da mijinta ya yi harbin nan na maki 4.4 kuwa, tana wurin tana kallo, ita ce kuma ta fara zuwa ta rungume shi.